Ramboshin Da Aka Ɗaure A Cikin Kacala

Shafi na 14

Masu cika min waya da tambayar yadda Abdulmannan ya kwana bayan ya ci gasa, to ku gyara zama, yau babu kwana-kwana.

*

"Ja ƙyauren nan."

Abdulmannan ya tsaya a bakin madafar gidansu, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, hayaƙi yana cin idonsa.

"Yaya Saude, lafiya? 'Yan Kaugama na jirana a zaure, sun zo yi min barka."

"Na ce ka ja ƙyauren."

Ya ja.

Har nan ciki ana jiyo kalangu. Tun jiya Asabar da ya ɗago ramboshin nan a bikin kamun kifi na tafkin Ɗorowa, wani ƙaton kifi dangin tarwaɗa da sai da mutum biyu suka kai shi kan sikeli, makaɗa ba su bar ƙofar gida ba. Sabon babur ɗin da aka ba shi yana gindin durumi, yara sun kewaye shi. Duk wanda ya shigo magana ɗaya ce a bakinsa: ɗan Muhammadu ya dawo da sunan ubansa.

Saude tana zaune a gaban daro, wuƙa a hannunta. Al'adar garin ce, kan kifin da ya ci gasa babbar 'yar gidan gwani ce take dafa shi, a kai wa Sarkin Ruwa. Shi ya sa ta baro ɗakin mijinta tun hantsi. Amma ga tukunya tana tafasa, kan kifin yana nan ɗanye.

"Matso ka duba."

"Me zan duba? Kan kifi ne."

Ta sa tsinin wuƙa ta ɗaga kunnen kifin. Daga gefen baki har ƙarƙashin kunne fata ta saɓule, ta yi layi kamar an zana, gefenta har ya soma fari.

"Shekara goma sha tara ina feɗe kifi ina banda, Abdul. Faɗa min, ragar homa ce ta yi wannan?"



"Wataƙila ciyawar kacala ce ta yanke shi."

"Kacala ta iya shiga ta baki ta fito ta kunne? Yaushe ciyawa ta koyi ƙulli?"

"Yaya…"

"Igiya ce. Kuma ba ciwon jiya ba ne. Kifin nan ya kwana a ɗaure."

Ya jingina da bango, baƙin hayaƙi ya ɓata masa sabuwar shadda, bai ma sani ba.

"Rage murya, don Allah."

"A ina ka samo shi?"

Ya kawar da kai gefe.

"Wallahi ko ka faɗa min, ko na ɗauki daron nan na fita da shi zaure."

"A Haɗeja," ya ce, da ƙyar ake ji. "Wajen masuntan kogi. Da ransa na saye shi, na sako shi a durom."

"Yaushe ka sa shi a tafki?"

"Ranar Juma'a. Da maza suka tafi masallaci a Auyo."

Saude ta ajiye wuƙar.

"Innalillahi. Ka bar Juma'a ka je ka shiga ruwan da aka kulle?"

Wata huɗu ke nan da Sarkin Ruwa ya kafa sandar kaba a bakin tafkin, tun da ambaliya ta ja baya. Daga ranar ko yaro bai isa ya jefa fatsa ba sai ranar biki. Kowa a Ɗorowa da wannan ya tashi.

"Saura tambaya ɗaya," in ji ta. "A jirgin wa ka shiga?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ɗago ka dube ni. A jirgin wa?"

"Na ga an bar shi a gaɓa ne. Minti goma kawai, Yaya. Ban zaci wani zai gani ba."

"Kulu mai nono ta gani! Ta ce mutum da malafa a cikin jirgi mai shuɗin goshi. Jirgi nawa ne mai shuɗin goshi a garin nan?"

Guda ɗaya ne. Na Shu'ibu ne, mijinta, wanda Sarkin Ruwa ya damƙa wa tsaron tafkin a bana.

"Tun safe nake jin ana cewa mijina ya saci kifin gari," ta ce. "Ina rantse-rantse a bakin rijiya. Ashe ɓarawon nono ɗaya muka sha."

"Ban ɗauki ko ɗan karfasa ba! Sakawa na yi, ba cirewa ba."

"Je ka faɗa wa Sarki haka, ka ji abin da zai ce. Ka san hukuncin?"

Ya sani. Wanda ya shiga kullen ruwa, a ƙone homarsa a gaban jama'a, a hana shi su shekara uku. Amma mai tsaro da ya ci amana, jirginsa ake fasawa, kuma shi da ruwan Ɗorowa har abada. Bayan la'asar ɗin nan za a zauna.

"Kai kana da alli da allo a Malam Madori, wata ya ƙare a ba ka albashi. Shi fa? In an raba shi da ruwa, me zai kama?"

"Ban yi don in cuce shi ba."

"Don me ka yi?"

Ya zame ya tsuguna.

"Shekara shida, Yaya. Duk biki sai na shiga ruwa, duk biki sai na fito da kifin da kyanwa za ta raina. 'Ticha, riƙe mana takalma.' 'Ticha, kada littafi ya jiƙe.' Sau huɗu Baba yana cin gasar nan. Tun da ya rasu Inna ba ta ƙara taka bakin tafki ba. Bara na ji wani yana cewa gidan Muhammadu ruwa ya ƙare. Kin ga Inna jiya? Kin ji guɗarta?"

"Na ji."

"To shi ke nan abin da na so."

"Madalla. Sai 'ya'yana biyar su ci guɗa."

Maganar ta soke shi har ƙashi. Ya dafe kai da hannu biyu.

"Zan nemi Yaya Shu'ibu. Zan ce masa ya musanta kawai. Kulu ba ta ga fuska ba."

Saude ta yi wata dariya marar daɗi.

"Kai kaɗai ne ba ka san garin da kake ba. Ya gan ka, Abdul."

"Wa?"

"Shu'ibu. Ɗazu na tsare shi da kuka sannan ya faɗa min. Tayar babur ɗinsa ta yi faci a hanyar Auyo, ya dawo da ƙafa. Daga kan jinga ya hango ka kana cusa abu a kacala."



"Me ya hana shi kwance kifin?"

"Ta ina? In ya sa ƙafa a ruwan, shi ma ya karya kulle. Ya tsaya a gaɓa yana kallon wurin kamar wawa. Ya kai ƙararka kuma, ya ce ba zai iya ba. Maraya Baba ya ɗauke shi, ya koya masa riƙe gora, ya ba shi ni. Ga Inna da hawan jini."

"To yanzu me zai ce musu?"

Ta ɗauki wuƙar, ta share hawaye da bayan hannu.

"Cewa zai yi shi ne."

*

Yana buɗe ƙyauren ya yi turus.

Inna Rahmatu tana zaune a tabarma a inuwar bangon madafar, tana ware goro a faifai don baƙi. Bai san tun yaushe take wurin ba.

"Gwanin ruwa," ta ce, ba ta ɗago ba. "Zo nan."

Ya durƙusa. Ta kakkaɓe masa baƙin da ke kafaɗar shaddarsa, ta daɗe tana kakkaɓewa.

"Ka ɓata riga."

"Hayaƙi ne, Inna."

"Uhm. Ka ci abinci?"

"Na ƙoshi."

"Jiya ma ba ka ci ba. Ubanka in ya ci gasa, akushi biyu yake tashi da shi."

Ta miƙa masa farin goro guda.

"Allah ya yi maka albarka."

Ya karɓi goron kamar garwashi, ya miƙe. Bai bi ta zaure ba. Ta ƙofar baya ya fice, ya bar 'yan Kaugama da makaɗansu.

*

A gaɓa ya sami Shu'ibu, zaune a inuwar giginya kusa da jirginsa, homa a cinya yana ɗinke wata 'yar ɓula.

"A'a, Ticha! Sarkin gwanaye da kansa. Ina babur? Ko ba ka iya tuƙi ba, sai an rubuta maka a allo?"

Wasan da suka saba ke nan, na mijin ya da ƙanin mata. Yau Abdulmannan bai iya ramawa ba.

"Yaya Shu'ibu, me kake ɗinkewa? Ƙona ta za su yi."

"To sai na ba su yagaggiya? A ce Shu'ibu ɓarawo ne kuma ƙazami?"

"Yaya Saude ta faɗa min komai."

Allurar ta tsaya.

"Matan nan. Cikinsu kamar rariya."

"Ka yafe min."

"Zauna, kana tare min haske."

Ya zauna a ƙasa, a kan laka, da shaddarsa.

"Ni zan faɗa musu."

"Ba za ka faɗa ba."

"Don me?"

"Don ka riga ka makara. Da ranar Juma'a ka zo min, da mun je wajen Sarki mu biyu, a yi maka faɗa a rufe. Yanzu fa? An buga ka a waya, an kai har Kano. An yi wa tsohuwa kirari da sunan mijinta. Kana so ka ɗaga ta sama ka sake ta?"

"Kai kuma fa? Yaran fa?"

"Akwai ruwa a Nguru. Akwai a Baga ma."

"Ka bar garinku saboda ƙaryata?"

Shu'ibu ya ciji zare ya tsinke shi. A karon farko ya dube shi ido cikin ido, babu wasa.

"Kada ka ɗauka ban ji haushi ba. Jiya da ka ɗago kifin nan, ana ihu, ni na riƙe maka wutsiya zuwa sikeli. Ka tuna? Wallahi ji na yi kamar na sake shi na shaƙe ka. Kifi ko motsin kirki ba ya yi, duk ya galabaita, kai kana wani nishi kamar ka yi dambe da kada."

Abdulmannan ya rufe fuska.

"Amma ba don kai nake yi ba," Shu'ibu ya ci gaba. "Don wanda yake kwance a maƙabarta ne. Ka yi shiru, ka hau babur ɗinka, ka koma makarantarka. Iyakar taimakon da za ka yi min ke nan."

Daga cikin gari aka kira sallar la'asar.

Shu'ibu ya naɗe homar a hankali, ya saɓa a kafaɗa. Ya shafa goshin jirginsa sau ɗaya, ya wuce.

*

Ba a taɓa cika haka a gindin gawon bakin tafki ba. Baƙin biki da ba su tafi ba duk sun tsaya kallo. Masu rake da masu awara sun kafa tire. Mata sun yi cincirindo a bayan dangar gonar albasa. An janyo jirgin mai shuɗin goshi an kifar da shi a tsakiyar fili, gatari a jingine da shi. Gefe guda an tara karan dawa.

Mafi muni, Abdulmannan aka ba kujera. Ta roba, fara, a hannun daman Sarkin Ruwa, wurin gwanin shekara.

"Zauna, ɗana," in ji tsohon. "Wurin ubanka ne."

Ya zauna kamar a kan ƙaya.

Bulama, mai garin Ɗorowa, ya yi gyaran murya, aka yi salati. Aka kira Kulu mai nono, ta ajiye ƙwaryarta ta maimaita abin da ta gani.

"Ni dai jirgi na gani da malafa. Ban ce ga wane ba, kada a ɗora min."

"Ba a ɗora miki ba, je ki," in ji Sarkin Ruwa. Ya juya. "Shu'ibu."

Shu'ibu ya fito ya durƙusa, ya ajiye homarsa a gaba.

"Jirgin nan naka ne?"

"Nawa ne, Baba Sarki."

"Ka ara wa wani ranar Juma'a?"

"Ban ara wa kowa ba."

"Da hannuna na ba ka tsaron ruwan nan. Mutum ɗari uku suka haƙura wata huɗu suna kallon kifi yana tsalle, ba su taɓa ba. Zan tambaye ka sau ɗaya. Wa ya shiga?"

Wani daga baya ya ɗaga murya.

"Ai shi ya sa bana kifi ya yi ƙaranci! Kura aka ba ajiyar nama!"

Aka yi dariya. Abdulmannan ya hango babban ɗan Shu'ibu a cikin taron, ya sunkuyar da kai yana haƙa ƙasa da yatsan ƙafa.

"Ni ne," in ji Shu'ibu.

Wurin ya ɗauki hayaniya. Sarkin Ruwa ya runtse ido, ya daɗe, sannan ya ɗaga hannu. Wani saurayi ya ɗauki homar ya aza a kan kara. Wani ya tofa yawu a tafi ya kama ƙotar gatari.

Aka ƙyasta ashana.

"Ku tsaya!"

Kujerar roba ta faɗi baya. Abdulmannan bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Ticha, lafiya?" in ji Bulama. "In ceto ne, ba a ceto a kullen ruwa."

"Ba ceto ba ne." Ya tako gaba. "Ni na shiga. Ni na ɗauki jirginsa bai sani ba. Ramboshin jiya ba na tafkin nan ba ne. Sayo shi na yi a Haɗeja, na ɗaure shi a kacala, jiya na je na kwance. Ban ci gasa ba. Ban taɓa ci ba."



Ashanar ta cinye ta ƙona yatsan mai riƙe da ita, ya yar.

Sai Shu'ibu ya fashe da dariya.

"Baba Sarki, ka ji ɗan boko! Wannan ne zai tuƙa jirgi shi kaɗai? Wannan da ko filafili bai iya riƙewa ba? Tausayin yayarsa ne ya kama shi. Ƙarya yake, ni ne."

"Wallahi ni ne!"

"Rufe min baki, ƙanin matata. Manya na magana."

"Ku kawo Alƙur'ani na dafa!"

"Kai, kai, kai!" Sarkin Ruwa ya buga sandarsa a ƙasa. "Ba a wasa da Littafi a nan."

Ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Shekara talatin ina kan ruwan nan. Na ga masu gudun laifi iri-iri. Yau ne na fara ganin ana kokawa a kansa." Ya gyara rawaninsa. "Bulama, tun azahar nake jiran kan kifina, ba a kawo ba. Wa ke dafawa?"

"Saude ce, ranka ya daɗe."

"A kira min ita."

Abdulmannan ya matso gaba da sauri. Wannan ne bai hango ba.

"Baba Sarki, don Allah a bar ta. Ba ruwanta."

"Kai ka sako ta, ba ni ba."

Mata suka dare. Saude ta fito daga bayan danga, mayafi a baki, ido jawur. Ta durƙusa nesa da maza.

"'Yata, kin taɓa yi min ƙarya?"

"A'a, Baba."

"To hannunki ya taɓa kifin nan, idonki ya gani. Ga mijinki, ga ƙaninki. Ɗaya ya shiga ruwana. Wanne ne?"

Ta dubi Shu'ibu. Ya girgiza mata kai a hankali.

Ta dubi Abdulmannan. Ya kasa haɗa ido da ita.

Ta buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa.

"Ƙyale yarinyar nan, Sarki."

Muryar daga can baya ta fito, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. Taron ya tsage biyu. Inna Rahmatu ce, tana dogara sanda, tana takowa a hankali har tsakiyar fili. Ba ta dubi Sarki ba, ba ta dubi jama'a ba. Ɗanta take kallo.

"Ni na haife shi," ta ce. "Ni zan faɗi sunansa."